Abin da Ke Cin Ginshiƙi

A wajen ta'aziyya aka fi jin kalmar ginshiƙi a yanzu. Dattijo ya rasu a Kagoro ko a Zonkwa, mai jawabi ya miƙe a coci ko a ƙofar gida bayan an dawo daga maƙabarta, ya ce ginshiƙi ya faɗi. Kowa ya gyaɗa kai, domin maganar ta yi daidai da abin da zuciya ke ji: jiya yana tsaye, yau babu shi. Amma duk wanda ya zauna a gidan da barandarsa ke kan itace ya san ginshiƙin gaske ba haka yake tafiya ba. Da wuya ya faɗi rana ɗaya. Nutsewa yake yi kaɗan-kaɗan, damina bayan damina. Bakin kwano ya ɗan sunkuya ta gefe guda, ƙusa ta fara ɗagowa, ruwan da ya saba zuba can ya koma zuba nan. Kafin a ce ya faɗi, ya yi shekaru yana sanarwa, ba a dai saurare shi ba ne.

Ina ganin yadda muke magana a kan wannan itace yana da hannu a yadda muke barinsa ya lalace. Mu nan kudancin Kaduna da Hausa ake wannan magana. Maigida Bajju ne, kafinta Atyap ne ko Ham, mai sayar da katako Bahaushe ne ko Ibo, amma in an tsaya a gindin itace ana shawara, Hausa ce ke tsakani. Kuma maganar farko da ke fita daga bakin mai gida, kusan kullum, ita ce: gara ce.

Na tsaya kusa da wani kafinta a wani gida cikin Kafanchan, inda wata tsohuwa ta kira shi saboda barandarta ta karkace.

"Ɗana, gara ce ta shigo mana," in ji ta. "Ka sayo magani ka zuba."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa itacen daidai kafaɗarsa, itacen ya amsa da ƙarfi. Ya sauko daidai gwiwa, ya sake amsawa. Da ya kai taƙi ɗaya daga ƙasa sai sautin ya mutu. Ya zaro sukudireba ya danna, ta shige har mariƙi bai sa ƙarfi ba. Abin da ya biyo ta baƙi-baƙi ne, jiƙaƙƙe, yana marmashewa tsakanin yatsu. Daga waje kuwa shuɗin fenti na nan lafiya lau, har da sheƙi.

"Mama, a ina kuke wanke-wanke?"

Ta nuna masa, ga wurin nan, taku biyu daga itacen. Ya ɗaga kai ya dubi bakin kwano, ya ga bai wuce ginshiƙin da tafin hannu ba, ga kuma ɗan ramin da zubar ruwa ta haƙa a ƙasa daidai gindinsa.

"Gara ta zo, Mama, ga hanyarta nan," ya ce, yana kankare wani siririn layin ƙasa da ya hau jikin itacen. "Amma ba ita ta fara ba. Ruwa ne ya dafa mata."

Tsakanin "gara ta ci" da "ya ruɓe" akwai tazara mai yawa, kuma ba a banza muka fi son ta farko ba. Gara baƙuwa ce. Daga suri take, daga daji, ta zo cikin dare ta yi ɓarna, babu laifin kowa. Ruɓa kuwa 'yar gida ce. In an ce itace ya ruɓe, an ce ke nan ruwan gidan nan ne yake kwana a inda bai kamata ba, kuma akwai wanda ke wucewa ta wurin safe da yamma. Kowace kalma da inda take aika mutum. Wanda ya ce gara, shagon magani zai nufa, ya zuba guba, ya kwanta da murna, ruwa kuma ya ci gaba da aikinsa. Wanda ya ce ruɓa dole ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya sunkuya ya dubi gangaren tsakar gida, ya tambayi kansa ina ruwan wanka ke bi.

Ba wanke gara nake yi ba. Tana cin busasshen katako ma in ta samu hanya, kuma wanda ya ga yadda cinge ke tashi bayan ruwan farko ya san yawan gidajenta a ƙarƙashin ƙafafunmu. Sai dai garar da ke zaune cikin ƙasa ba ta jure bushewa. Shi ya sa take gina wa kanta rufaffiyar hanya da jiƙaƙƙiyar ƙasa in za ta hau bango. Itacen da ke binne cikin laima ya rage mata wahala biyu: ya kawo kansa bakin ƙofarta, ya kuma yi laushi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ita ruɓar aikin wasu halittu ne, dangin fumfuna da naman kaza, masu zare siriri da ido ba ya gani sai sun yi yawa. Abu uku suke bukata bayan itacen da za su ci: danshi, iska da ɗumi. Masana katako sun daɗe da tabbatar da cewa itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa. Wanda ya nutse can cikin ruwa ko taɓo, inda iska ba ta kaiwa, shi ma yana daɗewa ƙwarai. Birnin Benis na Italiya a kan turakun itace yake zaune shekaru ɗaruruwa, saboda suna binne cikin taɓo. Wurin haɗari shi ne tsakani, inda ƙasa ta haɗu da iska, taƙi ɗaya sama, taƙi ɗaya ƙasa. Nan ne danshi ba ya ƙarewa, iska kuma ba ta yankewa. Ga shi kuma itace ta ƙarshensa yake shan ruwa, ta inda zarto ya yanke shi, domin hanyoyin da ruwa ke bi lokacin da yake bishiya suna nan buɗe. Ɗumi kuwa Allah ya hore mana shi shekara duka. Ruwan sama a Kafanchan da gindin duwatsun Kagoro yana kaiwa wajen milimita 1,500 a shekara, ya kusa ninka na Kano, kuma daga Afrilu har Oktoba ƙasa ba ta cika bushewa ba. Dirkar da za ta yi shekaru a rumfar Katsina, a nan damina kaɗan za ta gani.

Iyayenmu sun san wannan, ko da ba su faɗe shi da alƙaluma ba. A dubi rumbu. Daga ƙauyukan Jaba har zuwa Manchok, ba a taɓa zaunar da rumbu a ƙasa. A kan duwatsu ake ɗora shi, iska na wucewa ta ƙarƙashi, kaji na shiga suna tsince duk garar da ta leƙo. Jinkar ɗaki kuma tana da tsini, bakinta ya sauko ya zarce bango sosai, ya jefar da ruwa nesa. A arewa, inda ruwa bai kai namu ba, magina sun bi wata hanyar: azarar giginya, wadda gara ba ta so, a lulluɓe cikin ƙasa can sama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ginshiƙansa na ƙasa ne, azara ce ke ɗauke da bakan da ke kansu. Can Japan ma, haikalin Horyu-ji da ke kusa da Nara ya haura shekara 1,300 a tsaye, na katako ne, ginshiƙansa kuma a kan duwatsu suke zaune. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun isa ga shawara ɗaya, wato a raba ƙafar itace da ƙasa.

Da layin dogo ya haɗu a Kafanchan a 1927, ya zo da kwano da ƙusa da katakon zarto, ya zo da gida mai kusurwa huɗu da baranda a gaba. Masu shimfiɗa layin da kansu a kan tsakuwa suka ɗora shi don ruwa ya wuce. Mu muka karɓi siffar gidan, muka bar darasin. Sai kwano ya zama abin lissafi, kowane falle kuɗi ne, bakin rufi ya dinga gajarcewa har ya zo ya tsaya daidai kan ginshiƙi. Sannan muka ƙara da wata dabara da ke kama da ƙarfi alhali cuta ce: a haƙa rami, a tsayar da katako, a zuba siminti a kewaye shi. Ranar farko ko ka jijjiga ba ya motsi. Amma katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, siminti kuwa ba ya bin sa. Sai siririyar kafa ta buɗe tsakaninsu, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ƙafar itacen ta zauna tsundum kamar rogon da aka jiƙa a tukunya. Mai gida kuma hankalinsa kwance, ai ya sa siminti.

Akwai kuma maganar wane itace. Da, in dattijo zai kafa dirka, kirya yake nema ko marke, ya sare da rani, ya bar ta ta bushe, ya babbake gindin kafin ya binne. Yanzu kirya gawayi ta zama. Madobiya kuwa a shekarun baya an yi ta lodinta ana kaiwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu a 2017. Abin da ya fi yawa a wurin 'yan katako shi ne malaina, sai tik in an dace, irin waɗanda aka dasa a dajin Nimbia. Malaina ba mugun itace ba ne. Tana da sauƙin aiki, tana kyau a ƙofa da silin. Amma ba a yi ta don ta tsaya cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, balle ɗanya, balle farin nan da ke bin bayan ɓawo, wanda ko a jikin maɗaci ba ya daɗewa. Kuma ba kowa ne ya zaɓi ɗanyen katako don ganganci ba. Bayan tarzomar Afrilun 2011, da wasu da suka biyo baya a ƙauyuka, mutane da yawa daga kowane ɓangare sun sake rufi cikin gaggawa, damina na bisa kai, yara na kwana a gidan dangi. Wanda ke cikin wannan hali ba ya jiran katako ya bushe. Waɗannan gidaje ne yanzu lokacin dubansu ya yi.

In an gane itace ya tafi, sai wata kalma ta shigo: a tokare shi. Ina girmama wannan kalma. Tokara ta ceci rayuka. A samo tu-bai-fo ko wata gwafa mai ƙarfi, a kafa kusa da mara lafiyan, rufi ya samu inda zai jingina, a kwana lafiya. Laifin ba nata ba ne, na abin da ke biyo ta ne: "zai kai baɗi." Na san dalilin wannan magana, ba kuma lalaci ba ne. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, gidaje da yawa kuɗin da suke jira don gyara ya ruɓe a gona. Mutum ya auna kuɗin makaranta da kuɗin kafinta, ya ce itace ya yi haƙuri. Sai baɗi ta zo, ido ya saba da matokarin, har an ɗaura masa igiyar shanya, ya zama ɗan gida.

Abin da kalmar tokara ke ɓoyewa shi ne ginshiƙi aiki biyu yake yi. Yana ɗaukar rufi, yana kuma riƙe shi. Ɗauka kowa ya gane ta: nauyi na dannowa daga sama, itace na turawa daga ƙasa. Riƙo kuwa sai ranar iska ake sanin amfaninsa. Rufin kwano ba shi da nauyin kirki. Guguwar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas a Afrilu da Mayu, in ta shiga ƙarƙashin baranda ɗaga rufin take yi sama. A wannan lokaci abin da ke hana shi tashi shi ne yadda ginshiƙi ya kama katakon sama da ƙarfi, ya kuma kama ƙasa da ƙarfi. Ruɓaɓɓen ginshiƙi yana iya ci gaba da ɗauka don yana zaune a kan ragowar kansa, amma ba ya riƙe komai. Matokari ma haka: turawa kawai ya iya. Shi ya sa ake ganin gida ya yi shekara a tokare ba abin da ya faru, rana ɗaya iska ta naɗe barandar ta haɗa da rabin rufin ɗaki ta jefa gidan maƙwabci. Sai a ce iska ce, kamar yadda aka ce gara ce. Wanda bai da halin canji bana, aƙalla ya ɗaure matokarin da katakon sama da waya ko ƙarfe, ya kuma ɗaure shi da wani abu mai nauyi a ƙasa, kada ya bar shi a jingine kawai.

Canjin kansa ba aiki ne mai tsawo ba, amma yana da tsari, kuma a tsarin ne ake samun rauni. Da rani ake yi, lokacin da ƙasa ta yi tauri. A fitar da kowa daga ƙarƙashin rufin, musamman yara, domin su ne ke son tsayawa kallo. Matokari biyu ake sawa, dama da hagu, kowanne a kan faffaɗan katako don kada ya nutse, a kuma kafe su da ƙusa a sama don kada su zame. Sannan a buga weji a hankali, ko a sa jak na mota, har sai an ga nauyi ya bar tsohon ginshiƙin. Kaɗan ake ɗagawa. Rufin da ya yi shekaru yana sunkuyawa, in an ce sai ya miƙe cikin minti ɗaya, wani wurin zai tsage. Na ga kafintan nan yana dafa tsohon itacen da hannu bayan kowane bugu, yana jiran ya ji ya yi sako-sako, sai da ya motsa da kansa sannan ya ɗauko zarto. Mai gaggawa da ya fara bugun ruɓaɓɓen itace da guduma kafin ya tokare, shi ne labarin da ake ji daga asibiti.

Daga nan sai a duba har ina cutar ta kai. Ruɓa tana wuce inda ido ya ga ta tsaya, saboda haka a yanke har sai an isa itace mai tsabta, a ƙara gaba. In ƙasa kaɗai ta tafi, ana iya yanke ƙafar a gina dakalin kankare ko na dutse ya taso ya tarye shi. In ta hau sama, ko katakon da ke kwance a kansa ma ya taɓu, to ba a ciniki, duka za a fitar. Kowanne aka zaɓa, a tone tsohon guntun da ke cikin rami kaf, domin barinsa ajiye wa gara abinci ne a gindin sabon. Dakalin ya ɗara ƙasa da taƙi ɗaya ko fiye, samansa da ɗan gangare. Mai walda ya yi wa itacen takalmin ƙarfe wanda ƙafarsa ke dashe cikin kankaren, a ɗaure da noti, a bar 'yar tazara tsakanin ƙarshen katako da siminti yadda iska za ta ratsa. Da haka an samu ɗauka, an samu riƙo.

Kafintocinmu sun saba shafa baƙin mai, wasu su gauraya da gas, masu hali su sayi Solignum. Duk suna taimakawa in katakon busasshe ne, musamman in an tsoma ƙarshensa ya kwana yana sha. A jikin ɗanyen katako kuwa shafe ne kawai, ba ya shiga. Baƙin mai kuma kada a tuttula shi a rami kusa da rijiya, ruwan da za a sha ke nan. Masu cewa a huta da itace a sa bututun ƙarfe suna da hujja, gara ba ta cinsa. Amma a zaga tsofaffin shaguna a duba gindin bututun: a daidai wurin da itace ke ruɓewa, a nan ƙarfe ke tsatsa har ya huje. Ruwan da ba a kawar ba bai damu da abin da aka tsayar masa ba.

Shi ya sa kafintan bai karɓi kuɗinsa ya tafi ba bayan ya sassauta weji, rufi ya zauna a kan sabon ginshiƙi. Ya ce da tsohuwar a ƙara wa bakin kwano tsawo ko a sa masa indararo, a cike ramin da zuba ta haƙa, a fitar da 'yar kwata ta bi da ruwa bayan gida, wanke-wanke kuma ya koma wancan gefe. Ta ce wurin nan ta saba, nan ne inuwa take da hantsi. Suka ɗan ja, jikarta ta sa baki, a ƙarshe aka yarda za a zuba tsakuwa a yi mata wani wurin a gindin mangwaro. Sauran ginshiƙan barandar kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da guduma kafin ya haɗa kayansa. Na ƙarshen ya amsa da rabin murya, ya zana masa alama da gawayi, ya ce wannan kada ya wuce ranin bana.